Minti Huɗu

Rigar ƙanen matata na aro,
wuya ya shaƙe ni, hannu ya ɗage.
Lorna ta goge ta tun daren jiya,
ta ce, "Alƙali ma ido gare shi, Wendell."
Bas ɗin ƙarfe bakwai ta sauke ni
a bakin kotun birnin Toledo.
Ƙanƙara ta narke ta koma taɓo,
takalmina ya sha har ya ƙoshi.

A ƙofa aka ce a cire bel, a cire makullai.
Na tsallaka riƙe da wando,
kamar yaron da aka tasa tsakar dare.

Hawa na uku. Dogon benci mai sanyi.
Ga sunana manne a bango,
na talatin da ɗaya, tsakanin wata Petrakis
da wani Yoder. Ban taɓa ganinsu ba,
amma yau ciki ɗaya muka fito.

Laifina tuƙi da lasisin da aka dakatar.
Wa ya gaya mini? Wasiƙar ta nufi
gidan da muka bari tun bara,
ta kwanta a akwatin wani baƙo,
ni kuwa ina ta raba burodi da asuba
har fitilar ɗan sanda ta lashe mini madubi.

Dattijuwar da ke gefena, kai fari fat,
maganin ciwon gwiwa ta ɗauka ba ta biya ba.
Tana bin kowa da tambaya ƙasa-ƙasa:
"Zai fito a takarda? Inda nake aiki
duk shekara sai sun binciki sunan mutum."
Wani saurayi ya ce shi naushi ɗaya ne
a bakin mashaya, ko jini bai fita ba.
Yana ƙirga awannin aikin da ya rasa
a yatsu, in ya kai ƙarshe ya koma farko.

Sha ɗaya saura kwata lauyar gwamnati ta iso,
rungume da fayil-fayil kamar mai jego.
"Kaczmarek?" Ta faɗe shi daidai, har na ji sanyi.
Minti huɗu ta ba ni, a tsaye, jikin taga.
"Ka amsa ƙaramin laifi, tara dala ɗari biyu da hamsin,
da kuɗin kotu, yau ka huta.
In ka ƙi, a sa rana, wata biyu ko uku,
ka dawo, ka sake asarar yini."
Na ce, "Ai ban sani ba."
Idonta ja wur, irin na mai gadin dare.
"Na yarda," in ji ta. "Zaɓi naka ne."

Sai na hau lissafi.
Kuɗin haya ran ɗaya ga wata,
haƙorin Josie da ke hana ta barci,
da Mista Delgado, wanda ya ce
yini ɗaya zai ɗaga mini ƙafa, biyu kam a'a.
Na tuna fom ɗin neman aiki
mai ɗan akwatin nan: "An taɓa hukunta ka?"
Bai kai ƙwayar wake ba,
amma ƙato guda yakan faɗa ciki ya ɓace.

Alƙalin mura yake yi. Bai ɗaga murya ba.
"Ka fahimci haƙƙinka?"
"Na fahimta."
Ƙaryar farko ke nan da na yi a ginin.
Ta biyu kalma ɗaya ce, ta fita ba wuya.

A tagar biya, wata mai tauna cingam
ta yanka mini ashirin da biyar duk wata.
Na ninke rasit na cusa a aljihun rigar mutane.

A tashar bas na tarar da dattijuwar,
tana murza gwiwa ta saman siket.
"To, zai fito?" ta sake tambaya.
Na ce ban sani ba, Baba.
Na ɓalle maɓallin wuya,
muka zuba wa hanya ido.